Shekarar da Aka Yi ta Neman Kuloci a Taraktata

Na san abin da kuke faɗa idan kun taru a tsakar gida bayan sallar Idi, kuna zaton barci ya ɗauke ni a kan kujera. Kuna cewa Baba ya sayar da shanun gado ya sayo gwangwani daga Legas, sannan ya ɓata da Kawu Mala saboda taurin kai. Shanu kam na sayar, ɓatawa kuma mun ɓata. Amma yawancinku lokacin kuna makaranta a wasu garuruwa, guntu-guntu kuka tsinci labarin a bakin mutanen da ba su taɓa leƙa ƙarƙashin tarakta ba. To ga shi daga bakin wanda rana ta gasa a wurin.

Ku tuna yadda gidanmu na Galtimari ya koma a shekarun tashin hankali. Mu asalinmu Shuwa ne makiyaya, mahaifina ne ya fara zama a gari, ni kuma na tashi ina dillancin shanu. Da hanyoyi suka toshe, shanu suka daina shigowa, mutane suka fara shigowa a madadinsu. Dangin mahaifiyata daga ƙauye, matan ƙannena da aka kashe musu maza, 'ya'yansu, har da waɗanda ban san inda muka haɗa jini ba sai da suka jero mini kakanni a bakin ƙofa. Mahaifiyarku Hajja Falmata ta ajiye tukunyar gida ta koma girki da ta biki. Ni kuwa in an kwana biyu sai na fitar da saniya a sayo hatsi, garken da mahaifina ya bari yana narkewa ina kallo. Da aka ce an yarda manoma su fita bayan ramin tsaron da aka haƙa ya kewaye gari, sai na ga mafita. Sai dai fitar da sharaɗi: sai rana ta ɗaga sojoji za su buɗe hanya, kafin la'asar kuma kowa ya dawo. A ɗan wannan tsakanin fartanya ba za ta ciyar da gida irin namu ba, shanun huɗa kuwa in ka fita da su ba lalle ka dawo da su ba. Shi ya sa na tattara ragowar garken na sayar, na yi magana da wani abokina mai kai shanu kudu. Ya samo mini ƙaramar tarakta tsohuwa da aka shigo da ita daga ƙasar waje, da garmarta, aka ɗoro ta a tirelar da ta kai shanu za ta dawo ba kaya.

Mai sayarwar ya gaya mini abu ɗaya a waya, ya maimaita shi da Hausarsa ta 'yan kudu har sai da na gaji: wannan ba ta da kuloci. Mai ne ke tura ta, ba faranti ba. A ƙarƙashin ƙafar dama akwai feda biyu, ka taka ɗaya ta yi gaba, ka taka ɗaya ta yi baya, ka ɗaga ƙafa ta tsaya. Na ƙafar hagu birki ne. A gefen kujera akwai sandar giya guda ɗaya, an zana kunkuru a gefe, zomo a ɗaya gefen, tsakiya kuma firi. Shi ke nan. Ni da ban taɓa tuƙa ko keke mai inji ba na fahimta. Ashe ni kaɗai na fahimta a duk Yerwa.

Ranar da ta iso, tun kafin a gama sauke ta Hajja ta aika aka kira yayanta. Kawunku Mala bakanike ne na gaske, wannan kada wani ya ƙwace masa. Garejinsa na Bolori ya tayar da tireloli da manyan taraktocin gwamnati da kowa ya yanke ƙauna a kansu. Ya zagaya ta, ya ƙwanƙwasa nan, ya shinshina can, ya ce kayan da ya tsallako teku ba a fita da shi sai an juye masa mai kaf. Ya juye, ya zuba nasa, ya ƙi karɓar ko sisi, ya ce gudummawarsa ce ga gidan ƙanwarsa. Na yi godiya har zuciyata. Shi ne kuma ya kawo mini direba mai suna Ba Modu, dattijo mai furfura wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana tuƙa taraktar gwamnati. Ba Modu ya hau kujera, ƙafarsa ta hagu ta lalubo fedar da ke wurin, ya danna ta har ƙasa ya gyaɗa kai.

"Ga kulocin nan. Ya ɗan yi tauri."

"Ba Modu, birki ne wannan. Mai ita ya ce ba ta da kuloci."

"Alhaji Jidda," ya ce yana murmushi irin na mai lallashin yaro, "kai shanu ka sani. Abin da ke da giya dole yana da kuloci. In ba haka ba da me zai canja?"

Ruwan farko ya sauka, muka fita gona. Da safe ta yi aiki har na fara jin daɗi, garma tana juya ƙasa baƙa ƙirin, matan gida suna biye da ƙoƙon iri. Amma ina lura da Ba Modu. Duk in zai tashi sai ya danne birkin da hagu, ya taka fedar gaba da dama, sannan ya riƙa sakin birkin a hankali yadda ya saba sakin kuloci. Tarakta ta yi ta gurnani, wani wari yana tashi. Na yi magana, ya ce in koma inuwa. Da ya zo mayar da giya daga zomo zuwa kunkuru sandar ta ƙi motsi. Ya doke ta da tafin hannu, ta ƙi. Ya sauka ya samo gungumen ice ya buga mata, ta shiga da wata ƙara da na ji har cikin haƙorana. Da rana ta take, sai ƙarfinta ya fara zubewa. Inji yana ruri lafiya lau, amma tafiya kamar tsohuwar saniya a cikin taɓo, ga wani kuka siriri yana fitowa daga ƙarƙashin kujera. Can ta tsaya cik a tsakiyar kunya. Muka tura, muka roƙa, Ba Modu ya zage ta da Kanuri ya zage ta da Hausa. Lokacin komawa ya matso, manoma suna wucewa a kan kekunansu suna ce mana sannu. Da muka fidda rai muka zauna, ta ɗan huce, Ba Modu ya sake takawa, sai ta tashi sumul kamar ba ita ba.

Haka ta yi washegari, haka ta yi wanshekaren washegari. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ba ta taɓa yin abin kunyarta a gaban wanda na kira ya gani ba. Da safe a ƙofar gida lafiyarta ƙalau, sai mun yi nisa, rana ta yi zafi, ba kowa sai mu, sannan ta tuna da ciwonta. A gida kuwa kowa ya zama likita. Gwaggona ta ce baki ne, ta ɗaura laya a sitiyari. Wani cikin baƙinmu ya ce ƙarfen Turawa sanyi ya saba da shi, a riƙa yayyafa mata ruwa. Wata ta ce tun farko da jakuna na saya. Hajja kuwa maganarta ɗaya ce, safe da yamma, tare da kwanon abinci:

"Ka kai wa Ya Mala."

Na kai. Kawunku ya saurari Ba Modu, bai saurare ni ba, domin a ganinsa direba ne ya san abin da mota ke ji. Da ya ji an ce inji na ruri amma ba ta ja, giya kuma tana ƙin shiga, ko taɓa ta bai yi ba ya yanke hukunci.

"Kuloci ya ƙone. Sai an raba ta biyu."

"Mala, ba ta da shi."

"To me ya ƙone?"

"Shi na kawo maka ka gano."

"Na gano ai. Kuloci."

Na kira mai sayarwar na miƙa wa Mala waya. Ya ɗaga hannu biyu kamar na miƙo masa garwashi. Ya ce wanda ya sayar maka da mushe ba shi zai gaya maka me ya kashe shi ba. Aka tura ta gindin bishiyar dogon yaro a gefen gareji, aka ce sai an samo faranti daga Kano kafin a buɗe, don kada a buɗe ta ta zauna a buɗe. Aka aika. Mutanen Kano suka tambayi lambar farantin, ba lamba. Aka aika musu hoton tarakta, suka turo wani faranti da hasashe, Mala ya juya shi ya ce wannan na babbar tarakta ne. Aka mayar. Ni kuma kullum ina kan bencin gareji, ina shan shayin da ba na so, ina kallon hadari yana haɗuwa ta gabas. Ruwa ya sauka, ya sake sauka. Gonakin maƙwabtana suka yi kore, tawa ciyawa ta rufe ɗan abin da muka huɗa. Duk in na buɗe baki sai a ce gobe insha Allahu. Ban taɓa tsanar kalmar gobe ba irin ta wannan damina.

A kan bencin nan na fara tunani irin na gidanmu. In saniya tana ɗingishi, mahaifina ba ya ɗauko wuƙa. Sai ya bi ta ya ga yaushe take yi, da safe ne ko bayan ta sha tafiya, a kan tsakuwa ne ko a yashi. Na tuna cewa taraktar ba ta taɓa gazawa da sanyin safiya ba. Na tuna cewa sandar giya ta fi ƙin motsi a gona, bayan laka ta cika ƙarƙashinta, a gida kuwa takan shiga da yatsa biyu. Na kuma tuna cewa in Ba Modu ya ɗaga ƙafarsa ba ta tsayawa sarai, sai ta riƙa ɗan jan jiki gaba kamar akuyar da ke jan igiya. Na kawo wa Mala wannan duka.

"In faranti ya ƙone, yaya yake warkewa da safe?"

"Ƙarfe ma yana hutawa, Alhaji."

Na tashi na bar garejin don kada in faɗi abin da Hajja za ta ji.

Akwai wani mutum a unguwar Umarari, Bitrus, ɗan ƙabilar Margi ne, mai gyaran katafila da motocin haƙar rijiyar burtsatse. Na san shi ne saboda duk ƙarshen shekara yakan zo da mutanen cocinsu su sayi sa a wurina. Na same shi a ƙarƙashin hannun wata katafila, na zayyana masa komai. Bai yi mini alkawarin komai ba. Ya ce bai taɓa gyara irin tawa ba, amma yadda na kwatanta, cikinta da cikin katafila dangi ne: famfo ne ke tura mai, mai ya juya taya. Ya ce shi da zai fara da abubuwan waje masu arha. Sannan ya goge hannu ya ce abin da ya hana ni sukuni:

"Amma Alhaji, kada ka bari a buɗe cikinta a filin gareji. Ƙwayar yashi ɗaya ta shiga famfon nan, ka yi sallama da ita. Ba a gyara shi a garin nan."

Na ce ya zo mu je ya gaya wa Mala da bakinsa. Ya ce a'a, shi ba ya shiga garejin wani ya koya masa aiki, balle babba kamar Mala. In na kawo ta zai duba. In ban kawo ba, Allah ya ba da sa'a. Wato ya ɗora mini kayan a kai ya koma ƙarƙashin katafilarsa.

Washegari da hantsi na isa Bolori na tarar kawunku ya gaji da jiran Kano. An kafa jak, an jera katako a ƙarƙashinta, an shimfiɗa buhu a ƙasa don zuba notuna, iska tana kwaso yashin titi tana watsawa a kai. Mala ya riga ya ɗora sifana a kan notin farko. Ga direbobin tirela zaune, ga mai shayi, ga Ba Modu. Na so in ja Mala gefe, ya ce in faɗa a nan, hannunsa da aiki.

"Mala, ka dakata. Zan ɗauke ta."

"Zuwa ina?"

"Umarari. Akwai mai gyaran katafila da zai duba mai da filta."

Ya ajiye sifanar a hankali. Da ya jefar da ita ma da ya fi mini sauƙi.

"Alhaji, tun ƙanwata tana yarinya na ba ka ita. Ban taɓa zuwa gidanka na ce ba ka iya riƙon iyali ba. Yau ka zo gaban mutanena ka ce ban iya ƙarfe ba."

"Ban ce ba ka iya ba. Na ce wannan daban ce."

"Ɗaya ne. In ta fita daga ƙofar nan, ƙafata ta fita daga gidanka."

Na dubi taraktar. Shanun mahaifina ne duka a tsaye a kan jak, da abincin mutanen da ke kwance a zaurena da barandata. Na ce a sauke ta. Har yau in aka mayar da ni wurin abin da zan ce ke nan. Na juya ga Ba Modu na ce ya hau mu tafi, ya naɗe hannu ya ce shi ba ya tuƙa abin da aka ƙwace daga hannun maigidansa, kuma dama tarakta marar kuloci ba ta halal ba ce a wurinsa. To wa ya rage? Na tattare babbar riga na saɓa a kafaɗa, na hau. Mutum mai jikoki, ban taɓa riƙe sitiyari ba. Na sa sandar a kunkuru, na taka fedar gaba, ta zabura, na ɗaga ƙafa, ta tsaya, hulata ta faɗo kan cinyata. Ba wanda ya yi dariya a garejin, kuma wannan ya fi dariyar ciwo. Haka na ratsa Bolori, masu keke napep sun yi layi a bayana suna ta oda, wani ya leƙo ya ce Baba in gona kake nema ba nan ba ce, wata mai tallan ƙosai ta wuce ni da ƙafa. Na isa Umarari rigata sharkaf da gumi.

Kada ku zaci daga nan komai ya zama daɗi. Bitrus mutum ne mai sanyin jiki da zai iya sa waliyyi ya yi ashar. Abin da ya fara yi shi ne wanke ta. Ina tsaye ina cewa damina na wucewa, shi yana nan da tiyo da tsinke yana sakace ƙarƙashin wurin taka ƙafa. Amma a nan ciwon farko ya fito. Lakar firgi, baƙar ƙasar nan mai danƙo, ta bushe ta zama dutse a kan sandunan da ke haɗa feda da famfo, ciyawa ta nannaɗe su, sifirin ɗin da ke mayar da feda tsakiya ya saki. Shi ya sa ko an ɗaga ƙafa tana ɗan ja, haƙoran giya suna ɗauke da nauyi, sanda ba za ta fita ba ko da za a kashe ta da duka. Dukan ma ya lanƙwasa ta. Bitrus ya miƙar da ita, ya sa giris, ya canja sifirin. Ya nuna mini cewa ba a canja giya sai ta tsaya cik, in kuma sandar ta yi gardama, a ɗan taɓa fedar baya kaɗan, sai ta sake. Na gwada, ta shiga da ɗan yatsa. Na tuna gungumen icen Ba Modu, na ji kamar in zauna a ƙasa in yi kuka. Birkin kuwa ya cinye saura kaɗan, don an yi ta tuƙi a kansa. A gaban lagireto akwai wani ƙaramin abin sanyaya mai, ƙaiƙayi da ƙura sun toshe shi ruf, ko iska ba ta ratsawa.

Sai ya kwance notin ƙasa don ya ga man. Abin da ya zubo mai kauri ne kamar zumar da ta kwana a sanyi, ga kumfa, ga warin ƙuna. Bitrus ya murza shi a yatsa, ya dube ni.

"Wannan man akwatin giyar tirela ne. Famfon nan siririn mai yake sha. Ya yi ta ja bai samu ba, ya yi zafi, ya yi ta shan iska. Wa ya zuba mata?"

Na yi kamar ban ji ba. Ya sake tambaya. Na ce haka ta zo daga Legas. Ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce to, mutanen Legas ba su kyauta ba. Daga ranar bai sake tayar da maganar ba, ni ma ban tayar ba, sai yau da nake rubuta muku. Kawunku da kyakkyawar niyya ya zuba, man da ya fi tsada a garejinsa ne, kuma da irin taraktar da ya saba ce da ya yi daidai. In na faɗa a lokacin, labarin zai zagaya Bolori kafin azahar, mutumin da ya rayu da sunansa ya zama abin nuni. Na ga ɓacin da ke tsakaninmu ya isa haka.

Samun man da ya dace ya zama wani aikin. Wanda aka fara kawowa jabu ne, Bitrus ya shinshina ya ce a mayar. Filtar da aka turo bakinta bai hau ba. Ana cikin haka aka kira shi gyaran motar rijiya a wata unguwa, ya tafi ya bar ni da tarakta ba mai a cikinta. Ya dawo, Lahadi ta zo, ya tafi coci. Da aka haɗa komai aka tayar, ta ƙi motsi gaba ɗaya, na ce halas, shi ke nan, na kashe aure da zumunci a banza. Ya ce iska ce a cikin bututu. Ya ɗaga ƙafafun baya a kan jak, ya sa ni na yi ta taka gaba, baya, gaba, baya, kamar mai ɗinki da keke, har tayoyin suka fara juyawa da ƙarfi, kukan nan siriri ya ɗauke. Ya gaya mini gaskiya cewa famfon ya riga ya ji jiki. Za ta yi noma, amma a kunkuru kawai, zomo sai a kan hanya ba kaya. Haka take har yau.

Lokacin gero ya riga ya wuce mu. Wake muka shuka, da ɗan gajeren gero a gefen da ke riƙe ruwa. Direba ban sake samu ba, don Ba Modu ya bi teburan masu shayi yana cewa taraktar Alhaji Jidda aljanu ke tuƙa ta. Ni na tuƙa, damina guda, kuma ciwon bayan da kuke kai ni asibiti a kansa a kan kujerarta na samo shi. Abin da muka girbe bai kai rabin abin da na sa rai ba, amma ya kai mu rani ba mu roƙi kowa ba.

A gida ne na biya sauran. Mahaifiyarku ba ta yi faɗa ba, da ta yi da na samu abin amsawa. Abinci yana zuwa a kan lokaci, wanki yana fita, amma magana sai ta bakin yara. Da bikin auren 'yar'uwarku Yagana ya zo bayan girbi, kawunku bai zo ba, matansa ba su zo ba, wurin da dangin uwa ke zama ya zauna fayau kowa yana gani. Da baƙi suka watse na same ta tana tattara tabarmi, na ce Hajja, ai kin ga dai tarakta ta tashi, da an buɗe ta da yanzu ba mu da komai. Ba ta ɗago ba.

"Na gani, Alhaji. In na mutu sai ta zo ta karɓi gaisuwa."

Ta tambaye ni sau ɗaya tak me aka samu a cikinta. Na ce datti ne. Ta dube ni irin kallon da Bitrus ya yi mini, ta ci gaba da aikinta. Ina zaton ta sani. 'Yar gidan makanikai ce.

Da aka gama sussuka na ware buhun wake mafi kyau na ɗora a keke napep na aika Bolori. Kafin in gama alwalar azahar keken ya dawo da shi, da saƙon cewa gidan Mala ba a cin abin da ƙarfen Umarari ya noma. Na ce to ya zauna da yunwarsa. Da safe na ga Hajja ta yafa mayafi, ta sa an sake ɗora buhun, ta shiga ta zauna kusa da shi. Ta daɗe. Da ta dawo keken ba kaya.

"Ya karɓa?"

"Ya karɓa. Har ya ce a dafa masa yau."

"Me kika ce masa?"

"Na ce daga ɗan gefen da matan gida suka noma da fartanya ne."

"Hajja! Ni na noma waken nan. Da bayana na noma shi, ga shi ko ruku'u ba na iya yi!"

Ta cire mayafi ta ninke.

"Alhaji, so kake ya ci, ko so kake ya sani?"

Na fita ƙofar gida na zagaya taraktar sau ban san adadi ba ina magana ni kaɗai, har maƙwabci ya leƙo ya tambaya ko ta sake lalacewa ne.

Tun daga shekarar buhu yake tafiya Bolori duk kaka, kuma duk shekara noman hannu ne. Gona ta ƙaru, mun koma shuka gero da gyaɗa, amma a wurin kawunku matan gidanmu ne jarumai da fartanya. Ƙafarsa ba ta sake taka gidana ba kamar yadda ya rantse, sai dai da aka kwantar da ni a asibiti ya zo, don asibiti ba gidana ba ne. Ya zauna a bakin gado muka yi hirar tsadar shinkafa da mutanen da suka rasu, ba wanda ya ambaci ƙarfe. Yanzu idonsa ya yi rauni, ya bar garejin, yana zama a ƙofar gida da carbi. In kun zo gari ku je ku gaishe shi, ku durƙusa yadda ya kamata, ku tafi masa da wake. Zai ɗebo a tafin hannu ya murza, ya ce a'a, wannan da gani ka san ba inji ya taɓa shi ba. Ku ce masa haka ne, Kawu.